Majami'un Katako na Tsibirin Chiloé: A Zagaya Su Duka, Ko A Zauna A Ƙauyukan Masunta?

Nura:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman shawarar duk wanda ya san kudancin ƙasar Chile. Kamar yadda wasunku suka sani, ina karatun zanen gine-gine a Brazil, kuma binciken da nake yi ya shafi yadda ake adana tsofaffin gine-ginen da aka yi da kayan da ke saurin lalacewa. Malamina ya ba ni shawarar in je tsibirin Chiloé a hutun watan Janairu domin in ga majami'un katakon da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya. Majami'un 16 ne, kuma niyyata ita ce in ɗauki hayar mota daga Puerto Montt in bi su ɗaya bayan ɗaya har in gama, tun da a taswira tsibirin bai kai kilomita 200 a tsawo ba. Lokacina kaɗan ne, kuɗina ma haka. Shin wannan tsari zai yiwu, kuma me ya kamata in sani game da ruwan saman da ake ta ba ni labarinsa?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam Nura. Allah ya ba da sa'ar karatu. Na zauna a yankin a lokacin da aka tura mu horo kan kiwon kifi a Puerto Montt, kuma na tsallaka Chiloé a ranakun hutu, saboda haka zan faɗa maka abin da na gani.

Da farko, taswira za ta ruɗe ka. Chiloé ba tsibiri ɗaya ba ne, tarin tsibirai ne, kuma majami'un da kake nema ba duka suke a kan babban tsibirin ba. Na Achao da na Quinchao suna tsibirin Quinchao, sai ka shiga jirgin fito daga Dalcahue. Na Ichuac da Aldachildo da Detif suna tsibirin Lemuy, shi ma sai da jirgin fito daga kusa da Chonchi. Na Chelín da na Caguach kuwa suna ƙananan tsibirai ne da motarka ba za ta amfane ka ba a kansu, dole ka bi ƙaramin jirgin da mutanen wurin ke hawa zuwa kasuwa da asibiti, wanda ba ya tashi don ya jira baƙo, kuma idan iska ta yi ƙarfi hukumar tashar ruwa na iya hana shi fita gaba ɗaya. Ko shiga babban tsibirin ma sai ka yi tafiyar kusan kilomita 60 daga Puerto Montt zuwa Pargua, sannan jirgin fito ya ɗauke ka da motarka ya tsallaka mashigin Chacao cikin kimanin rabin sa'a.

Game da ruwa, watan Janairu da Fabrairu su ne tsakiyar lokacin zafinsu, kuma su ne mafi sauƙin ruwa, amma sauƙi ba ya nufin babu. A shekara wurare da yawa na tsibirin suna samun fiye da milimita 2,000, wato sama da ninki biyu na abin da Kano ke samu, ɓangaren yamma mai fuskantar Tekun Fasifik kuma ya fi haka. Ba irin ruwan da zai zuba da ƙarfi ya ɗauke ba ne, yayyafi ne mai naci da iska ke kaɗawa ta gefe, don haka lema ba ta da amfani sosai. Ka nemi rigar ruwa mai hula da takalmin da ruwa ba ya shiga, da rigar sanyi ko da rana ta fito da safe.

Shawarata ita ce ka bar maganar 16. Ka zaɓi kamar biyar ko shida, ka sauka a Dalcahue ko Achao maimakon Castro, ka ba kowace majami'a da ƙauyenta lokaci.

Nura:
Na gode Malam. Amma ina ganin ga mai bincike irina yawan abin da na gani yana da muhimmanci, domin sai na kwatanta su da juna zan gane abin da ya haɗa su da abin da ya raba su. Idan na ga shida kawai, ta yaya zan ce na fahimci salon ginin?

Madam Rifkatu:
Nura ƙanena, ina goyon bayan Malam Habibu, kuma dalilina ya samo asali ne daga tarihin majami'un kansu. Na je can tare da wata tawagar mata ta coci, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi waɗannan gine-gine suka samu.

Turawan Sifaniya sun kafa garin Castro a 1567, amma limaman ɗariƙar Jesuit ta cocin Katolika ba su iso ba sai a 1608. Su kaɗan ne, jama'a kuma a warwatse suke a bakin teku da kan tsibirai, babu hanyar ƙasa saboda kurmi da laka. Sai suka ɓullo da tsarin zagaye: kowace shekara idan sanyi ya ja baya, limamai biyu ko uku za su shiga kwalekwalen mutanen ƙasar, wanda ake kira dalca, da ake yi da alluna uku a ɗinke su da zaren itace, su bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. A kowane wuri za su yi 'yan kwanaki suna baftisma da ɗaurin aure da karantarwa, sannan su wuce, ba za a sake ganinsu ba sai baɗi. Sauran watannin shekara kuwa majami'ar tana hannun wani mutumin ƙauyen da ba limami ba ne, wanda ake kira fiscal. Shi ne ke tara mutane addu'a, shi ke koya wa yara, shi ke tsayawa a kan mai jinya da gawa. Wannan muƙami yana nan har yau, kuma a yanzu mata da yawa ne ke riƙe da shi. Da Sarkin Sifaniya ya kori 'yan Jesuit a 1767, 'yan ɗariƙar Franciscan suka karɓi aikin, kuma yawancin gine-ginen da za ka gani yanzu a zamaninsu ko bayansa aka yi su, a ƙarni na 18 da na 19.

Abin da wannan ke nufi gare ka a aikace shi ne, sau da yawa za ka isa ƙaramar majami'a ka tarar da ita a kulle, makullin yana gidan wata tsohuwa da ke can bayan gonar dankali. Wanda ke sauri zai ɗauki hoton waje ya shiga mota. Wanda ke da lokaci zai yi sallama, ya jira, a buɗe masa, kuma wadda ta buɗe ɗin ita ce za ta nuna masa ginshiƙin da aka sauya da wurin da ruwa ke yoyo da abin da kakanta ya sassaƙa. Ga mai bincike kan adana gini, ban ga abin da ya fi wannan hira daraja ba. Idan ka je haka, ka tuna ka saka wani abu a akwatin taimako, domin mafi yawan kulawar yau da kullum daga aljihun mutanen ƙauyen take fitowa.

Injiniya Bala:
Ni ban je ba, amma na karanta a kan ginin sosai saboda sha'awar aikin katako, kuma ina ganin Nura yana da gaskiya a wani ɓangare. Salon yana da ƙa'idoji da ake maimaitawa: doguwar hasumiya a tsakiyar fuskar ginin, shirayi mai ginshiƙai a gaba inda mutane ke fakewa daga ruwa, ciki a rabe kashi uku da layuka biyu na ginshiƙai, ginin duka kuma a ɗore kan duwatsu domin katako kada ya taɓa danshin ƙasa. Amma idan bai ga da yawa ba, ba zai san cewa ta Tenaún hasumiya uku gare ta ba, ko cewa ta San Francisco da ke Castro ta fita daban da sauran. Wani ɗan Italiya mai suna Eduardo Provasoli ne ya zana ta, aka gina ta tsakanin 1910 da 1912, kafintocin Chiloé suka aiwatar da zanen da katako, aka lulluɓe wajenta da kwano. Wannan bambanci shi ne ilimin.

Malam Habibu:
Injiniya, babu musu a kan abin da ka faɗa, sai dai shida ko bakwai da aka zaɓa da hankali za su nuna masa duk waɗannan bambance-bambance. Bari in jera masa yadda nake gani.

Ya fara da ta Castro, mai launin rawaya da shuɗi mai ja-ja a waje, ciki kuwa katako ne zalla ba fenti. Nercón tana nan kusa, bai fi kilomita 4 daga Castro ba. Daga nan ya koma Dalcahue ya kwana, ya ga tata mai dogon shirayi, ya tsallaka zuwa Achao. Ta Achao ita ce uwa, an fara gina ta wajen 1730, ita ce mafi tsufa da ta rage, kuma a gininta na asali turakun katako aka yi amfani da su wajen haɗa sassa maimakon ƙusoshin ƙarfe, domin ƙarfe abu ne mai wuyar samu a tsibirin da jirgi daga Peru ke zuwa masa jefi-jefi. Gaba kaɗan a wannan tsibiri akwai ta Quinchao, wadda ta fi duka girma, tsawonta ya haura mita 50, a ƙauyen da gidajensa ba su taka kara sun karya ba, saboda an gina ta ne don taron shekara ba don mazauna kaɗai ba. Sai Tenaún da Injiniya ya ambata.

Amma wurin da nake so Nura ya fi daɗewa shi ne San Juan. Ƙaramin ƙauye ne a bakin ruwa, majami'arsa na tsaye dab da gaɓa, kuma a gefenta akwai wuraren da har yanzu ake ƙera jiragen katako da hannu. Idan ya tsaya ya kalli yadda kafinta ke lanƙwasa haƙarƙarin jirgi, sannan ya shiga majami'a ya ɗaga kai ya dubi rufin ciki, zai gane dalilin da ya sa kowa ke cewa rufin jirgi ne da aka kifar. Hannun da ya ƙera wancan shi ya ƙera wannan. Hasumiyoyin ma ba don ado kaɗai aka ɗaga su ba, masunta da matuƙa suna amfani da su wajen gane gaɓa idan hazo ya rufe, shi ya sa kusan dukansu suke fuskantar fili da ruwa. Wanda ya raba majami'un Chiloé da teku bai ga komai ba sai tsohon katako.

Hajiya Turai:
Ina bin wannan muhawara da sha'awa domin ni da maigida muna tunanin irin wannan tafiya. Tambayoyina biyu ne. Me Musulmi zai ci a can, kuma babu laifi a addini mutum ya shiga coci don kallo?

Malam Isa:
Hajiya, malamai sun yi saɓani a kan shiga majami'a. Wasu sun karhanta musamman idan akwai gumaka ko hotuna a ciki, wasu kuma sun halatta matuƙar mutum ba zai shiga ibadarsu ba, kuma akwai wata buƙata kamar neman ilimi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya tsaya a waje, kuma daga bayanin da aka yi a sama na fahimci cewa akwai abin gani da yawa a wajen. Wanda ya shiga kuwa ya shiga da ladabi, ya rage murya, kada ya kutsa ana tsakiyar addu'a, domin wurin ibadar mutane ne masu rai ba gidan tarihi ba.

Malam Habibu:
Hajiya, batun abinci yana buƙatar kulawa ta gaske. Abincin da tsibirin ya yi suna da shi shi ne curanto. Ana haƙa rami, a ƙona duwatsu har su yi ja, a zuba abincin teku mai ɓawo a kai, a jera nama da dankali, a rufe da manyan ganyen wata shuka da ake kira nalca, a bar tururi ya dafa komai tare. Kowa zai ce miki kada ki tafi ba ki ci ba, amma kusan ko da yaushe akwai naman alade da tsiran alade a ciki, kuma romonsu na ratsa sauran, don haka cire naman a gefe ba ya warware matsalar. Haka nan milcao, wainar dankalin da ake sayarwa a ko'ina, yawanci da kitsen alade ake kwaɓa ta. Ki tambaya kafin ki saya, ki haddace kalmomin cerdo da chancho da manteca, su ne alade da kitsensa.

Abin da ya rage kuma yana da yawa. A kasuwar Dalcahue akwai rumfunan abinci a kan ruwa inda mata ke soya kifin da aka kamo a ranar, sai dai ki tabbatar da mai aka soya. Akwai cuku da zuma da tafarnuwa mai girman gaske. Dankalin Turawa kuwa nan ne ɗaya daga cikin gidajensa na asali, suna da iri sama da 200, wasu baƙaƙe, wasu ja, wasu dogaye masu lanƙwasa, kuma masana sun tabbatar cewa mafi yawan dankalin da ake nomawa a wajen Kudancin Amurka daga irin dankalin wannan yanki ya samo tushe. Saboda wannan noma ne hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya Chiloé cikin wuraren noman gado masu muhimmanci ga duniya. Idan kun kama ɗaki mai wurin girki, kun huta. Ku kuma lura cewa a Janairu rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, saboda haka magariba da isha suna nisa sosai, alƙibla kuma kusan gabas sak take.

Nura:
Allah ya saka da alheri. Na fara karkata ga ra'ayin Malam Habibu da Anti Rifkatu. Amma akwai abin da ke damuna a matsayin ɗalibi. Na karanta cewa a gyaran da aka yi wa wasu daga cikinsu, kamar ta Rilán, an kwance ginin ne sassa-sassa, aka sauya katakon da ya ruɓe, aka sake tayar da shi. Hasumiyar ta Chonchi ma guguwa ta kayar da ita a 2002 aka sake ginawa. Idan an sauya katako mai yawa haka, shin abin da zan je in gani tsohon gini ne ko sabo ne mai kama da tsoho?

Injiniya Bala:
Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a nan, kuma ni ina ganin akwai asara ta gaske da bai kamata a ɓoye ba. Allunan da aka lulluɓe bango da rufi da su a da na itacen alerce ne, wanda ruwa ba ya cinsa da wuri, kuma bishiyarsa na iya rayuwa fiye da shekara 3,000. An sare shi ƙarni bayan ƙarni, har ana loda allunansa zuwa Peru, kuma mutanen ƙasar, wato Huilliche, su ne aka tilasta wa aikin, zaluncin da ya kai su ga tawaye a 1712. A 1976 gwamnatin Chile ta hana sare rayayyen alerce. Saboda haka mai gyara a yau ba zai samu irin katakon da kakanninsa suka samu ba cikin sauƙi, dole ya nemi madadi. Ginshiƙin da aka sassaƙa da gatari shekaru 200 da suka wuce yana ɗauke da sawun hannun mai shi, idan aka cire shi aka sa wanda injin ya yanka, wani abu ya tafi ko da siffar ba ta canza ba.

Madam Rifkatu:
Injiniya, na yarda an yi asara, amma ban yarda cewa hakan ya mai da ginin na bogi ba. A ƙasar da ruwa ke zuba yawancin kwanakin shekara, babu katakon da zai zauna har abada. Tun farko waɗannan majami'u ba a gina su don a bar su yadda suke ba, kowane zamani sai ya sauya abin da ya ruɓe, wasu ma an rushe su an sake gina su a wuri guda fiye da sau ɗaya. Abin da ya dawwama shi ne sanin yadda ake haɗa katakon, da kuma al'adar da suke kira minga, wadda ba ta da bambanci da gayyarmu: mai aiki ya kira maƙwabta, su zo su yi masa, shi kuma ya ciyar da su, gobe shi ma ya je na wani. Da minga suke haƙar dankali, da ita suke gina majami'a, har gida sukutum suke ɗagawa su ɗora a kan gungume, shanun noma su ja shi zuwa gaɓa, jirgi ya ja shi a kan ruwa zuwa wani tsibiri. Idan wannan al'ada na raye, majami'ar da aka sabunta katakonta ta gaskiya ce. Idan al'adar ta mutu, ko da kowane allo na asali ne, gawa ce kawai ake gadi.

Nura:
Wannan saɓani naku shi ne ainihin wanda masana adana gini suka daɗe suna yi. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta fi ba da ƙarfi ga kayan ginin na asali, sai takardar Nara ta 1994 ta faɗaɗa ma'anar asali ta haɗa da fasaha da al'ada da amfani, saboda ƙasashe irin su Japan da ke gini da katako sun nuna cewa ma'aunin gine-ginen dutse bai dace da su ba. An sanya majami'un Chiloé a jerin UNESCO a shekarar 2000, wato bayan wannan sauyi. Amma maganar Anti ta haifar mini da wata tambaya: shin ƙauyukan suna raye kuwa?

Malam Habibu:
Nura, ka zo fagena. Suna raye, amma suna cikin matsi, kuma duk wanda zai je kallon ƙauyukan masunta ya kamata ya san abin da yake kallo.

Idan ka tsaya a kan tudu ka dubi ruwan da ke tsakanin tsibirai, za ka ga manyan kejin ƙarfe suna yawo, da dogayen layukan balan-balan masu launi. Kejin na kifin salmon ne, layukan kuma na kiwon abincin teku mai ɓawo ne. Wannan sana'a ta shigo da ƙarfi daga shekarun 1980, har ta kai Chile ta zama ta biyu a duniya wajen samar da salmon bayan Norway. Ta kawo albashi da hanyoyi da wutar lantarki, kuma ba zan raina wannan ba, domin kafin zuwanta mazan Chiloé da yawa ci-rani suke tafiya can kudu zuwa Patagonia, su yi aikin askin tumaki a Chile da Ajantina. Amma ta kuma janye matasa daga gona da kwalekwale zuwa masana'anta a Castro da Quellón da Dalcahue. Wanda ke aikin kamfani da lokaci ƙayyadadde ba zai iya barin aiki ya je minga ba. A 2007 wata cuta ta faɗa wa kifin, dubban mutane suka rasa aiki a 'yan shekarun da suka biyo baya.

Abu mafi tsanani ya faru a 2016. Da farkon shekarar gansakukar teku ta yaɗu ta kashe kifin salmon mai ɗimbin yawa, hukuma ta ba da izinin zubar da dubban tan na ruɓaɓɓen kifin a can cikin teku. Ba da daɗewa ba wata gansakuka mai guba ta mamaye gaɓar, aka hana kamawa da sayar da abincin teku mai ɓawo, masunta suka wayi gari ba su da abin sayarwa. A watan Mayu suka tare hanyoyi da mashigar jirgin fito na fiye da mako biyu, tsibirin ya yanke daga sauran ƙasar. Kwamitin masana da gwamnati ta kafa ya ce bai ga alaƙa kai tsaye tsakanin zubar da kifin da gubar ba, masunta da yawa kuwa har yau ba su gamsu ba. A matsayina na mai koyar da kiwon kifi, ni ina ganin ko da yanayin teku ne babban dalili, cika ruwa da keji fiye da ƙarfinsa ba zai taɓa zama ba tare da sakamako ba. A aikace kuma, kada wani cikinku ya tsinci abincin teku a gaɓa ya dafa da kansa, domin dafuwa ba ta kashe wannan guba. Ku saya a inda hukumar lafiya ke dubawa.

Gidajen da ke kan turaku a unguwannin Gamboa da Pedro Montt na Castro, waɗanda kowa ke ɗauka hoto, su ma labarin ɗaya ne. Masunta ne suka gina su don jirgi ya zo har ƙofar baya idan teku ta cika, ƙofar gaba kuma ta fuskanci titi. Girgizar ƙasar 22 ga Mayu 1960, mai ƙarfin maki 9.5, wadda ba a taɓa auna irinta ba, ta sa ƙasa ta nutse a sassan tsibirin, igiyar ruwa ta share irin waɗannan gidaje a wurare da dama, ta kuma kawo ƙarshen jirgin ƙasan da ke tsakanin garin Ancud, a arewacin tsibirin, da Castro. Cikin waɗanda suka rage, da yawa sun koma masaukin baƙi da shagunan shan kofi.

Injiniya Bala:
To ai shi ya sa nake ganin gadar da ake ginawa a mashigin Chacao alheri ce. Tsawonta kusan kilomita 2.7 ne, gada ce mai rataye a kan igiyoyin ƙarfe da hasumiya uku, ta tsakiyar a kan wani dutse da ke cikin mashigin. An sha ɗaga ranar kammala ta, amma idan ta samu, mara lafiya ba zai jira jirgi ba, manomi zai kai kayansa Puerto Montt cikin sauri, matashi kuma zai iya zama a garinsu yana aiki a waje. Ƙauye ba ya rayuwa da kyan gani.

Madam Rifkatu:
Mutanen da na zanta da su a can kansu a rabe yake, Injiniya. Masu adawa suna cewa abin da suka daɗe suna roƙo shi ne babban asibiti a cikin tsibirin da ruwan sha da ingantattun jirage ga ƙananan tsibirai, kuma gada tsakanin Pargua da Chacao ba za ta rage wa mutumin Caguach ko minti ɗaya na tafiyarsa zuwa Achao ba. Suna kuma tsoron masu kuɗi daga birane su saye gonaki su yanka filaye. Suna da misali a gabansu: katafaren rukunin shagunan da aka gina a tsakiyar Castro, wanda hotunansa suka tayar da ƙura a 2012 domin ya danne majami'ar San Francisco idan an hango garin daga teku, har kwamitin UNESCO ya nuna damuwa. Duk da haka mutanen gari da yawa sun so shi, saboda sun gaji da zuwa Puerto Montt sayayya. Ban ga laifinsu ba, kuma ban ga baƙon da ke da hurumin ce musu su zauna cikin wahala don hotonsa ya yi kyau ba. Abin da nake ƙi shi ne a yanke musu shawara daga Santiago, babban birnin ƙasar.

Nura:
Na gode muku duka. Na sauya tsarin. Zan tsaya a Ancud in ga gidan baje kolin gidauniyar da ke kula da gyaran majami'un, inda aka ce akwai ƙananan samfuransu da sassan katakon da aka cire, domin in amsa wa kaina tambayar tsohon katako da sabo da idona. Daga nan zan sauka a Dalcahue, in ba San Juan da Achao mafi yawan lokacina. Anti, na ga cewa bikin addini na majami'ar Caguach ana yin sa ne a 30 ga Agusta, shin akwai wani abu a lokacin da zan je?

Madam Rifkatu:
Akwai. Ana maimaita bikin a Lahadi ta uku ta Janairu saboda waɗanda sanyi da iskar Agusta ke hanawa, kuma a ranar jirage kan tashi da yawa daga Achao, don haka ita ce rana mafi sauƙi ta isa tsibirin. Tafiyar kan ɗauki kusan sa'a biyu. Ka tafi da abincinka, ka tambayi matuƙin lokacin komawa tun kafin ka sauka, kuma ka bar kwana ɗaya a sarari bayan ranar kafin jirginka na sama, saboda idan iska ta taso za a iya rufe tashar.